Yadda Rumawa Suka Mallaki Teku

Rumawa tun asali mayaƙan tudu ne, dakarunsu da ƙafa suke yaƙi. Teku kuwa tana hannun Kartaj, wani babban birnin fatake da ke ƙasar Tunisiya ta yanzu. A shekara ta 264 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a kan tsibirin Sisili. Nan Rumawa suka gane cewa wanda ba shi da jirage ba zai iya riƙe tsibiri ba.

Masanin tarihi Folibiyus ya ce wani jirgin yaƙin Kartaj ne ya kafe a gaɓa, Rumawa suka kama shi, suka kwaikwayi ƙirarsa. Kafin shekara ta 260 sun sassaƙa manyan jirage 100 da ƙanana 20. Matuƙan kuwa a tudu aka jera musu kujeru, suka koyi tuƙi tun jiragen ba su shiga ruwa ba.

To, amma ƙwarewa ba a sassaƙa ta. Mutanen Kartaj sun gwanance wajen juya jirgi su soki na abokan gaba da ƙahon tagulla. Don haka Rumawa suka ƙago wata gada mai tsawon kimanin mita 11, da ƙarfe mai tsini a bakinta, suka kira ta hankaka. Da jirgin maƙiyi ya kusato sai a sake ta, ƙarfen ya kafe a katako, dakaru su tsallaka. Ta haka yaƙin ruwa ya koma yaƙin tudu, inda Rumawa ba su da na biyu. Da wannan dabara Duwiliyus ya ci nasara a Milai a shekara ta 260.

Duk da haka teku ta karɓi harajinta. A shekara ta 255 guguwa ta nutsar da ɗaruruwan jiragensu, a 249 kuma Kartaj ta karya su a Direfana. Baitulmali ya ƙare, sai attajirai suka ba da rance aka sassaƙa jirage 200. Da su aka ci nasarar ƙarshe a tsibiran Egadi a shekara ta 241, Kartaj ta saki Sisili, ta kuma biya tara.

Daga baya Rumawa suka riƙa ce wa wannan teku "tekunmu". Larabawa sun danganta ta da magadansu, Rumawan Gabas, daga nan ne Hausa ta samu sunan Bahar Rum.