Uwargida, Ga Yadda Za Ki Gane Abincin Meksiko Na Ainihi

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Meksiko, maƙwabciyar Amurka ta kudu. Da yawa daga cikinmu kan yi tafiya ƙasashen waje wajen karatu ko rakiyar maigida, har ta kai mu ga shiga gidan abincin da aka rubuta sunan Meksiko a ƙofarsa. To, ba kowane ne ke sayar da girkin mutanen ƙasar ba, saboda haka ya kamata ki san abin da za ki biya kuɗinki a kansa.

Abu na farko, dubi wainarsu ta masara da ake kira tortiya, domin ita ce tuwonsu. A kudancin Meksiko aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Matan ƙasar sukan dafa tsabar masara cikin ruwan farar ƙasa ko na toka, su bar ta ta kwana, su wanke, kana su markaɗa ta ta zama ƙulli. Wannan dahuwa tana cire dusa, tana sa ƙullin ya yi danƙo, tana kuma fito da wani sinadari mai kare mutum daga cutar felagira, wadda ke ɓata fata. Da ƙullin ake yin waina mai faɗin tafin hannu, a gasa a kan tanda ba mai. Idan an kawo miki ita da ɗuminta a naɗe cikin ƙyalle, tana ƙamshin masara, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, to, kin zo gidan gaskiya. Ta garin alkama ma ba jabu ba ce, mutanen arewacin ƙasar, kamar jihar Sonora, ita suka fi ci.

Na biyu shi ne tako, watau wainar nan da aka ɗora wa nama. Na ainihi ƙarami ne, sau da yawa waina biyu a haɗe, da nama, da yankakkiyar albasa, da ɗanyen ganyen koriyanda, da ɓarin lemun tsami a gefe. Amma in kin ga busasshiyar waina mai ƙaras-ƙaras an cika ta da niƙaƙƙen nama da latas da cuku ruwan ɗorawa, wannan salon Amurka ne, irin wanda kamfanin Taco Bell, da aka kafa a Kalifoniya a 1962, ya yaɗa a duniya. Cukun Meksiko galibi fari ne, ɗan kaɗan ake barbaɗawa.

Na uku, barkono. Mu dai mukan nemi yaji ne, su kuwa kowane barkono da ɗanɗanonsa da aikinsa. Wanda ake kira halafenyo idan aka ƙyafe shi ya zama cifotile, foblano kuma idan ya bushe ya zama anco. Gidan kirki zai ajiye miki miyar barkono, watau salsa, iri biyu ko uku, ja da koriya, waɗanda aka yi a ranar. Ki kuma duba ko akwai mole, wata miya mai kauri ta Fuwebla da Wahaka, wadda kan ci kayan haɗi fiye da 20, har da riɗi da gyaɗa da ɗan cakulan. Mai ha'inci ba ya ɗaukar wahalar yin ta. Irin wannan gado ne ya sa hukumar UNESCO ta sa girkin Meksiko cikin jerin al'adun duniya a 2010.

Wajen abin sha kuwa za ki ji kamar kina gida. Suna jiƙa zoɓo su sa sukari, suna kiransa hamaika, suna kuma yin ruwan tsamiya. Ganin waɗannan a manyan tuluna na gilashi alama ce mai kyau.

Sai dai ga inda ya kamata ki buɗe ido sosai, uwargida. Gwargwadon yadda gida ya riƙe girkin gargajiya, gwargwadon yadda alade kan yawaita a tukunyarsa. A takardar jerin abinci, "cerdo" da "puerco" alade ne, "manteca" kuma kitsensa. Da shi ake yin "carnitas" da "al pastor" da "chorizo". Ko waken da suke soyawa da tamale, wanda ke kama da alale a ganyen masara, bisa al'ada da kitsen nan ake haɗa su. Kada kunya ta hana ki tambayar mai kawo abinci wane mai aka yi amfani da shi. In yankan naman ma bai kwanta miki a rai ba, nemi kifi irin na Berakurus, wanda ake dafawa da tumatir da zaitun, ko kwaɗon fiya da suke kira gwakamole.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.