Gidan ma'aikacin Abuja yana hannun gwamnonin jihohi

Tun da asuba hanyar Keffi ke cika da motoci. Daga Masaka da Mararaba ma'aikata ke kwararowa zuwa sakateriyar tarayya, wasu kuma daga Suleja da Madalla. Aikinsu a Abuja yake, amma makwancinsu yana jihohin Nasarawa da Neja, domin kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin albashinsu, musamman tun da gwamnatin Obasanjo ta sayar da gidajen ma'aikata, ta mayar da haƙƙin muhalli kuɗin alawus.

A kowane wata ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ne ke riƙe da shi, kuma yana ba da bashi a kan ruwan kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekara 30. Sai dai banki ba ya sakin kuɗi sai ya ga takardar mallakar fili. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuwa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta: shi ke sa hannu a takardar mallaka, kuma sai da amincewarsa ake jinginar da fili. Idan takarda ta kwanta a ofishin filaye, lamunin ma ya kwanta, alhali ana ci gaba da yankar albashi.

Legas ta nuna abin da jiha za ta iya idan ta sa kuɗinta. Tsakanin 1979 da 1983, Gwamna Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu rahusa a unguwanni irin su Amuwo-Odofin da Abesan da Iponri, kuma har yau da sunansa ake kiransu. A 2014 gwamnatin Babatunde Fashola ta ɓullo da shirin lamuni mai buƙatar kafin alƙalami na kashi 30 cikin 100. Wannan ya yi wa ƙananan ma'aikata nauyi. A 2016 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta kawo tsarin haya har zuwa mallaka, inda mutum ke ajiye kashi 5 cikin 100, ya biya saura cikin shekara 10.

Kano ta ba da wani darasi dabam. Biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina a wa'adin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, sun daɗe gidaje da yawa a cikinsu ba kowa. Gini kaɗai ba ya zaunar da mutane idan farashi ya wuce aljihunsu.

A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da ginin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, a ƙarƙashin shirin Renewed Hope, wanda a jihohi ya dogara da filin da gwamnoni suka bayar. To amma fili ba ya wadatarwa. Titi da magudanar ruwa da asibitin unguwa da makaranta duk suna jiran kasafin jiha da na ƙaramar hukuma. Inda gwamnati ba ta yi su ba, mai gini ne ke shimfiɗa titi ya haƙa rijiyar burtsatse, sannan ya ɗora kuɗin a kan mai saye.

Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wannan ƙarin ne ke raba shi da mukullin gida. Shi ya sa abin da majalisun dokoki a Lafiya da Minna ke ware wa gidaje da filaye ya shafi ma'aikacin tarayya kamar yadda kasafin Abuja ya shafe shi.