Ƙarshen sakin layi a harsunan alamta rubutu

Harshen alamta rubutu tsari ne da ake rubuta takardun bayanin manhaja da shi cikin haruffa zalla, sannan wata manhaja ta mayar da su shafin intanet ko littafi. Markdown, POD da reStructuredText suna cikinsu. A yawancinsu danna maɓallin Enter sau ɗaya ba ya rufe sakin layi. Abin da ke rufe shi shi ne layi fanko, wato layin da ba a rubuta komai a kansa ba.

Asali

Ƙa'idar ta daɗe. TeX, wanda Donald Knuth ya fara fitarwa a shekarar 1978, yana ɗaukar layi fanko a matsayin umarnin rufe sakin layi. POD ya zo tare da Perl 5 a 1994, John Gruber kuma ya fitar da Markdown a 2004, duk a kan wannan turba. Dalili shi ne masu rubuta manhaja sun saba karya layi kafin ya wuce haruffa 80, don haka karyewar layi ba ta nuna cewa magana ta ƙare.

Yadda take aiki

Idan aka rubuta Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kowanne a layinsa ba tare da layi fanko a tsakani ba, Markdown zai haɗe sunayen uku a layi ɗaya. Mai son su rabu sai ya bar tazara biyu a ƙarshen kowane layi, alamar da ido ba ya gani, kuma wasu manhajojin rubutu sukan goge ta.

Akwai abubuwan da ke katse sakin layi ko babu layi fanko, kamar kanun magana da jeri. Nan ne rikici yake. A ce jimlar "An ƙirƙiro jihar Katsina a shekarar 1987." ta karye, layi na biyu ya fara da "1987." Lamba da ɗigo a farkon layi alamar jeri ce, don haka manhaja na iya yanke jimlar gida biyu. CommonMark, ƙa'idar da John MacFarlane da abokan aikinsa suka fitar a 2014, ta warware wannan: jeri mai lamba ba ya katse sakin layi sai idan ya fara da 1.

Bambance-bambance

A POD harafin farko ne ke nuna irin sakin layin: alamar = tana nufin umarni, tazara kuma tana nufin a bar rubutun yadda yake. Wasu tsofaffin manhajojin POD ba sa ɗaukar layin da ke da tazara kawai a matsayin fanko, sai sakin layi biyu su manne alhali marubuci yana ganin gibi a tsakaninsu. A MediaWiki ma tazara ɗaya a farkon layi tana jefa shi cikin akwati.

Javadoc na asali ya bi HTML: layi fanko ba ya raba komai, sai an sa alamar <p>.