MAKIYAYI A GONAR WANI: INA HAKKINSA RANAR DA AKA CE YA TASHI?

A ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, tsohuwar al'ada ce Bafillace ya kafa mashekari a gonar manomi bayan an kawar da amfani. Shanu su ci kara su bar taki, mai gona kuwa ya taimaka da dammunan gero. Da damina ta kawo jiki, baƙo ya naɗe kayansa.

Amma wannan zama yarjejeniyar baka ce kurum. Ranar da mai gona ya ce a tashi, makiyayi ba shi da takardar da zai nuna wa alƙali, sai dai arɗo da dagaci su roƙa masa 'yan kwanaki.

Doka dai ba ta mance da shi ba. Dokar Jihar Arewa ta 1965 ta ba da ikon keɓe wuraren kiwo, ta mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta yarje wa ƙaramar hukuma ta ba da har hekta 5,000 don kiwo. Sai dai noma ya cinye burtaloli da makiyayu da dama. Saboda haka wanda aka tasa daga gona yakan rasa inda doka ta tanadar masa, ya faɗa gonar gaba, rigima ta tashi.