Yadda Mutum 74,000 Ke Shiga Fili Ɗaya Su Fita Lafiya

'Yan uwa ɗalibai, wanda duk ya je daren rufe makon ɗalibai na bara ya san abin da ya faru a bakin ƙofa. Ƙofa ɗaya aka buɗe, kowa na son shiga lokaci guda, har wata 'yar ajinmu ta suma a cikin turereniyar. Ni kaina da takalmi ƙafa ɗaya na koma ɗaki. Da na ba yayana labari a waya, sai ya ce, "Ƙanena, mutum nawa ne duka-duka? Mu nan 74,000 muke shigarwa, ba a take kowa." Yana digiri na biyu a Cardiff, babban birnin Wales, kuma a ranakun wasa yana aikin nuna wa 'yan kallo kujerunsu a filin Principality. Da yake fasahar gine-gine nake karanta, sai na riƙa tatsar sa da tambayoyi. Ga abin da na fahimta.

Filin na ƙwallon zari-ruga ne, wato rugby, wasan da mutanen Wales ke ji da shi kamar yadda muke ji da ƙwallon ƙafa. Kowane ɓangare mutum 15, ana yin minti 80, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Da hannu ba a miƙa ta gaba, sai dai gefe ko baya. Wanda ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5, in aka buga ta tsakanin sandunan nan biyu a ƙara 2. A watannin Fabrairu da Maris ake gasar ƙasashe shida: Wales, Ingila, Scotland, Ireland, Faransa da Italiya.

An buɗe filin a 1999 domin gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, da sunan Millennium, aka sauya masa suna a 2016. Yana da rufin da ake buɗewa a rufe cikin kusan minti 20, shi ya sa ruwan sama ba ya hana komai. Masoya ƙwallon ƙafa ma sun san shi: nan Real Madrid ta ci Juventus 4-1 a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2017. Nan Anthony Joshua ya doke Joseph Parker a 2018. Mawaƙa irin su Beyoncé da Ed Sheeran da Taylor Swift duk sun yi wasa a ciki. Ranar waƙa sai a shimfiɗa wa ciyawar abin kariya, a kafa dandamali, tsakiyar filin ta zama wurin 'yan kallo.

To, yaya ziyarar take? Tun daga tikiti aka fara tsarin. A jikinsa akwai lambar ƙofar da za ka bi, da sashenka, da layinka, da kujerarka. Ba ka da dalilin gudu, don ba wanda zai zauna maka a wuri. Ana buɗe ƙofofi tun da sauran lokaci sosai, jama'a na shiga kaɗan-kaɗan. Babbar jaka ba ta shiga, ƙaramar ma sai an duba. Da yake filin a tsakiyar gari yake, a bakin kogin Taff, ana rufe titunan da ke kewaye da shi, motoci ba sa bi, mutane su yi tafiyarsu a ƙafa. Abin da ya ba ni mamaki, a wasan zari-ruga ba a raba magoya baya. Ɗan Wales da ɗan Ingila kafaɗa da kafaɗa suke zama. Ana sayar da giya a ciki, amma an ware wani sashe da ba a sha, ga mai iyali ko wanda addininsa ya hana.

Yayana ya ce aikin gaske a fita yake, don shiga a rarrabe ake yi, fita kuwa lokaci guda. Ƙa'idar filayen wasa ta Birtaniya ita ce a lissafa faɗin hanyoyi yadda jama'a za su bar kujerunsu su shiga hanyar fita cikin minti 8. Kafin a tashi, kowane ma'aikaci ya riga ya tsaya a wurinsa, ƙofofi duk a buɗe. A babbar tashar jirgin ƙasa, wadda tafiyar mintuna kaɗan ce daga filin, ana jera mutane layi-layi gwargwadon garin da za su.

Wannan tsari da rayuka aka saye shi. A 1989, a filin ƙwallon ƙafa na Hillsborough da ke Sheffield, turereniya ta yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Bincike ya nuna babban laifin na masu kula da taron ne: an buɗe wata ƙofa, jama'a suka kwarara cikin sashen da ya riga ya cika. Bayan nan aka tsaurara dokokin filaye.

Mu ba rufi mai motsi muke nema ba. Amma bana, kafin makon ɗalibai, ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu abu biyar: a san adadin da ɗakin taro ke ɗauka, kada a sayar da tikitin da ya wuce haka, a buɗe duk ƙofofi awa guda kafin farawa, a ware layin mata daban, kada kuma a garƙame ƙofa ko ɗaya da kwaɗo alhali mutane na ciki. In ana neman masu tsayuwa a bakin ƙofa, a rubuta sunana a farko.