Kaka, Zauna Ki Yi Aikin Hannu Da Jikanki

Kaka, wannan magana taki ce. Kai ma kaka namiji, matso kusa ka ji. Akwai abin da ke gina lafiyar jika wanda ba a saye a kanti. Yana hannunku, kuma ba ya cin ko kwabo.

Bari mu fara da 'yan'uwanmu na Sudan. Hausawa sun daɗe a can, don ta nan hanyar Makka ta bi tun ana tafiya a ƙasa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Waɗansu kuma suka zauna a Hartum da Umdurman, biranen da ke kallon juna inda rassan Nilu biyu suka haɗu.

Mutanen can suna ce wa kaka mace "habboba". Ita ce mai tatsuniya da dare, kamar a wurinmu. Yara kan gina shanu da raƙuma da laka, mata kuma suna saƙa faifai mai launi na rufe abinci.

Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. A watan Oktoba na shekarar, hukumar UNICEF ta ce yara wajen miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. A wuraren da aka tara masu gudun hijira, ma'aikatan agaji sukan keɓe wa yara wuri, su ba su takarda da fensir mai launi. Ba don ɓata lokaci ba ne. Yaron da ya firgita ba ya iya faɗin abin da ke ransa da baki, amma yakan zana shi. In kuma yana zaune kusa da babban da ya amince da shi, hankalinsa yakan kwanta.

Ba sai an yi yaƙi yaro ke bukatar wannan ba. A gidaje da yawa uba ya tafi cin rani, uwa tana gona ko kasuwa, ke ce a gida da yara.

Me wasan hannu yake yi wa yaro?

Ƙwaƙwalwar yaro tana girma da sauri ƙwarai a shekarunsa na farko. Abinci yana gina ta, magana da wasa ma suna gina ta. A ƙasar Jamaika, a 1986, likitoci suka fara bin waɗansu yara da rashin abinci ya tsumburar. Aka riƙa ziyartar wasunsu a gida kowane mako har shekara 2, ana koya wa iyaye mata wasa da su da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wasa da su sun fi sauran samun kuɗi da kashi 25 cikin 100. Shi ya sa a ɗakin jinyar masu tamowa ake ba yaro abinci, a kuma sa a yi wasa da shi.

Ke ma kina da riba. Murza yumɓu da saƙa suna motsa yatsu, hira da jika kuma tana korar kaɗaici. Da ma tsakanin kaka da jika akwai wasa: ke kina ce masa "mijina", shi kuwa tsoho yana ce wa jikanya "amaryata".

Abin da za ku iya yi tare

Ɗan shekara 2 zuwa 3: ba shi gawayi ya yi zane a ƙasa ko a bayan ƙwarya. Ba shi curin yumɓu ya murza.

Ɗan shekara 4 zuwa 5: ku gina saniya ko tukunya. Ku ɗinka 'yar tsana da ƙyalle. Ku ƙirga ƙafafun saniyar, ku faɗi launin ƙyallen.

Ɗan shekara 6 zuwa sama: ku haɗa motar kara, ko ki fara koya wa yarinya saƙar faifai da kaba.

Ki bar yaro ya yi da kansa. In saniyar ta fito da ƙafa uku, kada ki yi masa dariya, kada ki karɓe ki gyara. Ki ce, "Ba ni labarinta." Sa'an nan ki saurara. Ko rabin sa'a a rana ya isa.

A yi hankali da waɗannan

Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3 dutsen ado ko maɓalli, don yana iya shaƙe shi. Idon zakara da 'ya'yan zurman guba ne, kada a yi abin wuya da su. Wuƙa da reza su tsaya a hannun babba.

Kada a ɗebo ƙasa daga inda ake haƙa ko niƙa dutsen zinariya. A Zamfara, a 2010, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Kada a yi wasa da tsohon batir ko gwangwanin maganin feshi. Kada a aiki yaro cikin kududdufi ɗebo laka, nan ake kamuwa da tsargiya. In an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

In kina tari har ya wuce mako 2, ki zo a gwada ki tukuna. Tarin fuka yana kama yaron da ke zama kusa da mai shi, kuma yana warkewa da magani.

In yaro ya daina magana bayan ya firgita, ko yana ta mugun mafarki, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya ƙi wasa sam har makonni, kada a doke shi. A kawo shi asibiti a duba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da la'asar, shimfiɗa tabarma, ɗauko kara da yumɓu, ki kira jikanki.