Daga ofishin jam'iyya zuwa gidan kallo: Yadda tsofaffin gine-gine ke zama mazaunin fasahar zamani

Duk wanda ya fito daga Hayin Banki ko Kawo zai shiga gari ta titin Ali Akilu, yakan gifta wani gini a Unguwar Sarki wanda mutane da yawa ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Wannan gini shi ne Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Kafin ya zama gidan tarihi, nan ne hedikwatar jam'iyyar NPC, wadda ta mulki Jihar Arewa a Jamhuriya ta Farko ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka haramta jam'iyyu, ginin ya rasa masu shi. Gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ce ta miƙa shi ga hukumar kula da kayan tarihi, aka buɗe shi ga jama'a a 1975.

Abin da ya faru da wannan gini shi ne abin da manyan biranen duniya ke yi a yau da gangan, wato a ɗauki tsohon gini da aikinsa na asali ya ƙare, a gyara shi, a zuba masa ayyukan fasaha. Bambancin kawai shi ne, a wasu ƙasashe abin da ake zubawa ayyukan masu zane ne da masu sassaƙa da ke raye, alhali a wajenmu an fi karkata ga kayan da aka tono ko aka gada.

Misalai daga waje

A birnin Landan na Ingila akwai wata tashar samar da wutar lantarki a bakin kogin Thames da aka rufe a 1981. Maimakon a rushe ta, sai aka gyara ta, aka buɗe ta a shekarar 2000 da sunan Tate Modern, kuma a yau miliyoyin mutane ke ziyartar ta duk shekara. A Cape Town ta Afirka ta Kudu, wani tsohon rumbun hatsi na kankare da ke bakin tashar jiragen ruwa ne aka fafe cikinsa, aka buɗe shi a 2017 a matsayin Zeitz MOCAA, gidan da aka keɓe ga fasahar zamani ta Afirka.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Jamhuriyar Benin, ƙasar da fatakenmu suka sani sarai. A garin Wida, yamma da Kwatano, Gidauniyar Zinsou ta gyara wani gidan ɗan kasuwa da aka gina a 1922, mai suna Villa Ajavon, ta buɗe shi a 2013 domin nuna ayyukan masu fasaha na Afirka na wannan zamani. Cikin waɗanda gidauniyar ta tattara ayyukansu akwai Romuald Hazoumè, wanda ya shahara wajen mayar da tsofaffin jarkokin man fetur su zama fuskoki. Jarkokin nan irin waɗanda ake fasa-ƙwaurin mai da su ne daga Najeriya. Ɗan kasuwar da ya san kan iyakar Seme ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane abin da mai aikin ke faɗa game da wahalar neman abinci.

Abin da muke da shi a gida

Arewa ba ta rasa irin waɗannan gine-gine ba. A nan Kaduna, ban da gidan tarihi na titin Ali Akilu, akwai Arewa House a titin Rabah, wato gidan da Sardauna ya zauna, inda kuma aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. Tun 1970 wurin ya zama cibiyar bincike da adana tarihi, wadda ta fara aiki bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. A Katsina kuwa, ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, shi ne gidan tarihi na ƙasa a birnin.

Mai ziyara a gidan tarihin Kaduna zai tarar da kayan yumɓu na Nok, waɗanda sunansu ya samo asali daga ƙauyen Nok da ke Ƙaramar Hukumar Jaba a wannan jiha, kuma shekarunsu sun haura dubu biyu. Zai ga kayan tagulla na kudancin ƙasar da kayan amfanin gida na al'ummomi daban-daban. A harabar gidan kuma akwai sashen masu sana'ar hannu da aka gina bisa tsarin ginin gargajiya, inda ake yin aiki a gaban idon mai kallo. Wannan sashe shi ne mahaɗar tsohon zamani da na yanzu, domin masu aikin suna raye, kuma kayansu na sayarwa ne.

Mece ce fasahar zamani?

Idan aka ce fasahar zamani, ana nufin zane da sassaƙa da hoto da saƙa da duk wani aikin hannu da mai shi ya yi domin ya faɗi wani abu game da rayuwar da muke ciki. Jihar Kaduna tana da babban rabo a tarihin wannan fage. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarun da Turawa ke koyarwa a haɗa su da zanen gargajiya na al'ummomin ƙasar nan. Daga Zariya wannan tunani ya bazu zuwa Nsukka da Legas. Daga baya sashen ya samu malamai irin su marigayi Gani Odutokun, da Farfesa Jerry Buhari, ɗan asalin yankin Kachia.

Haka kuma duk wanda ya riƙe takardar Naira ashirin ya riƙe hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ayyukanta suka kai har Turai da Amurka. Ga masu son a yi maganar kuɗi, a 2018 an sayar da zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan a kan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Shi kuwa El Anatsui, ɗan Ghana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka, da murafen kwalabe yake ɗinka manyan labulen ƙarfe, kuma a 2023 aka rataya aikinsa a babban zauren Tate Modern.

Akwai masu karatu da za su yi tambaya a kan batun surori da mutum-mutumi. Wannan magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, kuma kowa yana da malamin da yake komawa gare shi. Abin da ya dace a sani shi ne, kaso mai yawa na fasahar zamani ba ya ɗauke da siffar mai rai. Launi ne da layi da tsari, irin abin da idon Bahaushe ya saba da shi a dagin Arewa, da aska takwas a wuyan babbar riga, da zanen da ke fuskar zaure, da zayyanar allo, da shuɗin marinar Ƙofar Mata.

Me ya sa gyara ke da wuya?

Mayar da tsohon gini gidan nuna zane ba aikin fenti kawai ba ne. Ginin ƙasa irin na Kano da Zariya ana yin sa ne da tubali, a ɗaura rufi da azarar giginya, a shafe bango da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, a kuma yi amfani da laso wanda ake haɗawa da katsi na karofi domin hana ruwa shiga. Irin wannan bango yana shan danshi yana fitarwa. Idan aka lulluɓe shi da siminti, danshin ya kan maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana simintin ya ɓantare da bangon gaba ɗaya. Shi ya sa gyaran da ya dace sai da maginan gargajiya, magada sana'ar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Kuma ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai da share indararo kafin damina.

Su ma ayyukan zanen suna da nasu buƙatu. Hasken rana kai-tsaye yana koɗar da launi, danshin damina yana kawo fumfuna, ƙurar hunturu tana dasashe fuskar aiki, gara kuma tana cin katako da takarda. A nan ne tsohon gini ke da fifiko guda: kaurin bangonsa yana riƙe sanyi da rana, abin da ke da muhimmanci a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Yadda za a amfana da ziyara

Wanda zai je, ya ware aƙalla awa biyu, ya nemi jami'in da zai zagaya da shi, domin a bakinsa ake jin abin da ba a rubuta a bango ba. Ya fara da kallon ginin kansa: ƙofofi, tagogi, kaurin bango, inda aka gyara da inda aka bari. A gaban kowane aiki ya karanta sunan mai shi da shekara da kayan da aka yi amfani da su, ya ja da baya ya duba, sannan ya matso. Ba a taɓa kaya da hannu, kuma a nemi izini kafin ɗaukar hoto. A tafi da yara, domin yaron da ya ga aikin Nok da idonsa ba zai manta cewa jiharsa ce ta haifar da shi ba.

Abin da ke gabanmu

Filaye a tsakiyar Kaduna sun yi tsada, kuma kowane tsohon gini yana fuskantar jarrabawa guda: a rushe shi a yi rukunin shaguna, ko a bar shi ya lalace. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Hukumar Adana Ayyukan Zane ta Ƙasa ta 1993, su ne doka ta ɗora wa nauyi, amma ba za su iya su kaɗai ba. Gidan Wida na wata gidauniya ce mai zaman kanta, kuma da dukiyar masu hali aka tsayar da shi.

Kaduna tana da gine-ginen, Zariya kuma tana yaye masu zane duk shekara, da yawansu sai sun tafi Legas ko Abuja kafin a ga aikinsu. Ma'aikacin gwamnati da fayil ɗin wani tsohon gini ya zo teburinsa yana iya tambaya ko akwai amfanin da za a yi da shi kafin a sa hannu a kan rusau. Attajirin da ke Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi yana iya ɗaukar nauyin baje kolin ɗalibai na mako biyu, ko ya sayi zane guda ya rataya a ofishinsa. Sauran jama'a kuwa, abin da ya rage gare su shi ne su shiga su gani, domin gidan da ake ziyarta shi ake warewa kuɗin gyara, wanda aka ƙaurace wa kuma shi ake fara rushewa.